Kafin ka sayi tsohuwar rauta, ƙara wa kwamfutarka RAM

Jiya wani ƙanena da ke shirin jarrabawar CCNA (ta kamfanin Cisco kan haɗa kwamfutoci a netwok) ya turo min hoton tsofaffin rautoci biyu da suwic guda, wato na'urorin haɗa netwok, wai zai saya ya riƙa gwaji a ɗaki. Na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ni ma na taɓa yin wannan gangancin. Ƙarar fankarsu ta hana ni barci, kuma da an ɗauke wuta shi ke nan, aiki ya tsaya cak.

Kuɗin nan RAM ya kamata ya saya da su. Laftof mai 4GB wahala ce zalla. Ka kai ta 16GB idan tana ɗauka, sai ka ga ɗakin gwaji guda ya shige cikinta, domin manhaja za ta tsaya a madadin na'urorin.

Kowa da Packet Tracer, manhajar Cisco ta koyon netwok, yake farawa, kuma ba laifi. Kyauta ne, ba ya wahalar da kwamfuta. Amma jama'a mu faɗa wa juna gaskiya: kwaikwayo yake yi, ba ainihin IOS, wato manhajar da ke cikin rautocin Cisco, ke gudana a ciki ba. Akwai umarnin da za ka rubuta ya ce bai san shi ba, alhali rautar gaske ta sani. Wanda ya daɗe a nan sai ya ɗauka ya iya, ranar da aka zaunar da shi gaban na'urar kamfani sai ido ya raina fata.

Manhajojin gwaji na GNS3 da EVE-NG su ne wajen aikin, domin ainihin manhajar na'urar suke kunnawa. Matsalar ita ce manhajar Cisco da lasisi take zuwa. To, me ya sa muke nacewa sai Cisco? Kamfanin rautoci na MikroTik na bayar da CHR, wato manhajar rautarsa da ake kunnawa a kwamfuta, kyauta, sai dai an taƙaita gudunsa zuwa 1Mbps a kowace kafa. Wannan ya ishe ka koyon OSPF (yadda rautoci ke nemo wa bayanai hanya) da VLAN (raba netwok gida-gida) da kafa hotspot. Kuma ka duba otal-otal da ƙananan masu sayar da intanet a garuruwanmu, MikroTik za ka fi tararwa a kabad ɗinsu. Abin da za a kira ka gyarawa gobe ke nan.

Batun VirtualBox ko VMware kuwa, wato manhajojin da ke kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, kada a ɓata yawu. Tun Nuwamba 2024 Workstation Pro na VMware ya zama kyauta ga kowa, kamar VirtualBox. Ɗauki ɗaya. Ka dai shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na farkon kunnawa, ka kunna VT-x, saitin da ke ba irin waɗannan manhajoji damar aiki, don rabin masu cewa “ya ƙi tashi” nan ne matsalarsu. Sannan ka ɗauki snapshot, wato ka adana tsarin yadda yake, kafin ka taɓa komai, ka lalata tsarin da gangan, ka gyara, in ya gagara ka koma baya.

Ƙanen nawa ya ce to ina zai koyi matse kan wayar netwok da jona konsul, wato wayar saita rauta? Nan kam ya kama ni. Na ce ya zo shago ranar Asabar, akwai kwalin kawunan waya na RJ45 da ke jiransa.