Yaron da ya warke daga ciwon daji ba abin gudu ba ne

Har yanzu akwai iyayen da ke hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da yaron da ya yi jinyar ciwon daji, wai kada su ɗauka. Wannan kuskure ne. Ciwon daji ba ya bin numfashi, ko yawu, ko haɗa shimfiɗa. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne ke hayayyafa ba kan gado, kuma a jikinsa suke tsayawa. Hasali ma, lokacin jinya shi ake karewa daga sauran yara, domin maganin yana raunana garkuwar jikinsa, ƙyandar wani na iya kwantar da shi.

Wahalar da ba a cika lura da ita ba tana farawa ne bayan sallama. Yaro ya yi watanni bai shiga aji ba, sa'o'insa sun wuce shi. Gashinsa da magani ya zubar bai gama fitowa ba. Wanda ya yi ciwon dajin ido wani lokaci sai an cire idon, ga yara da laƙabi, kafin tashi tara an raɗa masa suna. Idan kuma aka janye masa kwano, to ina zai sa kansa?

Wanda aka gasa wa ciwon dajin da hasken na'ura a kai ko aikin ƙwaƙwalwa yakan rage saurin ɗaukar karatu. Malam sai ya ɗauka lalaci ne, ya kai hannu ga bulala. Gara uba ko uwa su je su yi wa malamin aji bayani tun kafin yaron ya koma. Kaka ma, da tausayinta, ta bar shi ya buga ƙwallo idan likita ya amince.