Shekara 26 tsakanin kuka da kofi: nasiha ga ƙannena masu gaggawa

Ƙannena, maza da mata, akwai wata ɗabi'a da nake gani a cikinmu wadda take damuna ƙwarai. Mutum zai fara abu yau, wata shida bai ga riba ba, sai ya ce ba rabonsa ba ne, ya watsar ya kama wani. Shekara biyar ta wuce, ya taɓa abu bakwai, babu ɗaya da ya iya har ƙarshe. Ku ba ni aron hankalinku in ba ku labarin wata mata, Dawn Staley, mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando mata a Amurka.

An haife ta a 1970 a arewacin birnin Filadelfiya, a unguwar talakawa. Tsawonta bai wuce mita 1.68 ba, a wasan da dogaye suka mamaye. Aikinta a fili shi ne rarraba ƙwallo, ita ke tsara yadda za a kai hari. A Jami'ar Virginia ta kai ƙungiyarta zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar sau uku a jere, 1990 da 1991 da 1992. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga kofin ba. A 1991 har wasan ƙarshe suka kai, Tennessee ta doke su da ci 70 da 67 bayan ƙarin lokaci. Aka ba ta kyautar gwarzuwar gasar, amma kofi ya tafi wani gida. Shekara ta zagayo, aka zaɓi tawagar Amurka ta gasar Olamfik ta 1992, ba a sa sunanta ba. A lokacin kuma babu gasar ƙwararrun mata a ƙasarta, dole ta fita waje neman inda za ta buga, su Italiya da Faransa da Brazil.

Ku tsaya nan ku tambayi kanku tsakani da Allah: da ku ne, da kun ci gaba? Da yawanmu a nan za mu ce an yi mana rashin adalci, mu zauna muna ba da labarin yadda aka danne mu har tsufa. Ita komawa ta yi ta ƙara gyara wasanta. Ta ci lambar zinare ta Olamfik a Atlanta a 1996, ta ƙara a Sidni a 2000, ta ƙara ta uku a Atens a 2004, inda ita ce ta riƙe tutar ƙasarta a bikin buɗe gasar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ta shiga aikin horarwa. A 2000 Jami'ar Temple ta ɗauke ta koci alhali tana tsakiyar buga wa Charlotte Sting wasa a WNBA, gasar ƙwararrun mata da aka kafa a Amurka daga baya. Da bazara tana cikin fili tana karɓar umarni, da hunturu tana bakin fili tana ba da umarni. Haka ta yi ta haɗa biyun har ta ajiye wasa a 2006. Ba ta jira sai ƙafafunta sun gaji kafin ta koyi sana'ar gobe ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku da kuke taƙama da ƙuruciya da ƙarfi, me kuke koya yanzu wanda zai riƙe ku ranar da ƙarfin ya tafi?

A 2008 ta koma Jami'ar South Carolina, ƙungiyar da ba ta da wani suna a lokacin. Kakar farko ta ci wasa 10, ta sha kashi 18. Ta biyu ta ci 14, ta sha kashi 15. Mace mai zinare uku a wuya, ana lallasa ƙungiyarta mako bayan mako. Wannan ita ce gaɓar da nake so ta zauna muku a zuciya, domin a nan ne yawancinmu muke karaya. Kunyar a gan mu muna faɗuwa ta fi mana ciwo a kan faɗuwar kanta. Ita ta zauna, tana neman 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, tana jawo mutanen gari su zo kallo, har filin da ake ganin kujeru wayam ya zama wanda ya fi kowane cika a ƙwallon kwandon mata na jami'o'i.

Sai a 2017, kakarta ta tara a can, ta ɗauki kofin ƙasa, da tauraruwar 'yar wasanta A'ja Wilson a gaban ƙungiyar. Ku lissafa daga 1991: shekara 26. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ta ƙara ɗauka a 2022. A 2023 ba a doke su ba duk kakar sai da Iowa ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, kuma dukkan 'yan wasa biyar da take fara wasa da su suka kammala suka tafi. Da sababbin yara ta dawo a 2024, ta ci wasa 38 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta kuma rama wa Iowa a wasan ƙarshe. A tsakanin nan ta jagoranci tawagar Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo.

Akwai al'ada a can, wanda ya ci kofi yakan yanke ragar kwandon ya ajiye. Carolyn Peck, baƙar fata ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin koci, da Jami'ar Purdue a 1999, ta ba Staley wani ɗan yanki na ragarta tun kafin Staley ta ci kofin, ta ce ta riƙe har ta samu nata. Staley ta adana shi har ranar ta zo. Daga baya ta yayyanka tata ragar ta 2017, ta aika wa sauran mata baƙar fata masu horar da ƙungiyoyin manyan jami'o'i, kowacce da ɗan zarenta.