Gwajin ɓera daban, mace daban

Malam, na karanta labarin nan da kuka ce sinadaran kashe zafi da jiki ke samarwa da kansa, irin su endofin da enkefalin, suna rage yawan ƙwayoyin halittar da sinadarin jikin mace mai suna istirojin ke sa su ƙaru a mahaifa. Haka ne, istirojin ne ke kaurara bangon mahaifa bayan al'ada, shi ne kuma ke ciyar da ƙarin mahaifa da ke damun matanmu. Amma ku faɗa wa mutane cewa galibin wannan gwaji a kan ɓeraye aka yi shi, ba a kan mata ba.

Abin da ya ba ni tsoro, wata 'yar uwata a Tudun Wada ta karanta ta ce ashe tiramadol maganin ƙarin mahaifa ne, tunda shi ma kashe zafi yake yi. Subhanallahi! Yawan shan tiramadol da kodin yana danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙwan mace, al'ada ta rikice ko ta ɗauke, haihuwa ta yi wuya. Ai ba banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Na ce mata ta je asibitin koyarwa na Shika a yi mata hoton ciki tukuna.