Feshin farkon damina da kwaɗin fadamun Zariya

Makonnin da manomin ƙasar Zazzau ya fi goya injin feshi su ne makonnin da kwaɗi ke zuba ƙwai. Da ruwa ya zauna tsakanin Mayu da Yuni sai a yi shuka, a bi ta da maganin ciyawa tun kafin ciyawar ta tsiro. A daidai wannan lokaci ne kwaɗin da suka yi rani a ɓoye cikin ramuka da busasshiyar laka suke fitowa, su cika kududdufai da lambatun gefen gona da fadamun Galma da Kubanni. Duk abin da ruwan sama ya wanko daga kan kunya, wurinsu yake gangarawa. Ra'ayina shi ne yawancin ɓarnar da ke faruwa a nan daga hannunmu take, daga yadda muke feshin da lokacin da muke yin sa, don haka gyaranta bai fi ƙarfinmu ba.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa yake tsotsa, musamman fatar ciki, kuma da ita yake wani ɓangare na numfashinsa. Ba shi da gashi, ba shi da ɓawo irin na ƙadangare. Ƙwansa ma ba shi da kwasfa, yauƙi ne kawai ya lulluɓe shi a cikin ruwa. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe da jela suna yin makonni suna numfashi a ruwan kamar kifi kafin ƙafafu su fito. Saboda haka guba tana samunsa sau biyu: yana ƙarami a kududdufi, sannan ya girma yana ratsa gonar da aka fesa da dare, cikinsa na gugar ƙasa.

An auna abin. A shekarar 2005 Rick Relyea na Jami'ar Pittsburgh a Amurka ya zuba maganin ciyawar nan Roundup a tafkunan gwaji, cikin mako uku kusan kashi 98 cikin 100 na 'ya'yan kwaɗin suka mutu. Masana sun fi ɗora laifin a kan sinadarin da ake gaurayawa don maganin ya manne wa ganye, fiye da gilaifoset, wato ainihin sinadarin da ke kashe ciyawar. Kamfanin da ke yin maganin ya kare kansa da cewa ba a yi maganin don fesawa a kan ruwa ba. Wannan amsa ta fi komai shafarmu, domin mai feshi a bakin fadama ba ya tsayawa ya raba ciyawar tudu da ta cikin ruwa. A Jamus kuma, a 2013, Carsten Brühl da abokan aikinsa sun fesa wa ƙananan kwaɗi magunguna iri bakwai daidai da awon da aka rubuta a jikin kwalba. Akwai wanda ya kashe su duka cikin awa ɗaya.

Amma mutuwar nan take ita ce mai sauƙin ganewa. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ba ta barin gawa. Maganin ciyawar nan atirazin, wanda manoman masara da dawa da rake suka daɗe da sani, shi Tyrone Hayes na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya gwada a kan wani kwaɗon ruwa ɗan asalin kudancin Afirka. A 2002 ya ba da rahoton cewa ɗan abin da bai wuce 0.1 cikin biliyan na ruwa ba ya dagula halittar al'aurar kwaɗin, a 2010 kuma ya ce kusan ɗaya cikin goma na mazan da suka taso a ruwa mai atirazin sun rikiɗe mata. Adalci ne a faɗa cewa an yi jayayya mai zafi a kan wannan, wasu gwaje-gwajen ba su ga abin da ya gani ba, hukumar kare muhalli ta Amurka ma ba ta gamsu ba. Sai dai Tarayyar Turai ta janye amincewarta da atirazin tun 2004 saboda yadda yake daɗewa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan dalilin kaɗai ya isa ya sa mai rijiya a gefen gonar masara ya yi tunani.

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa a kaikaice. Ɗan maganin ƙwari kaɗan, wanda bai isa kashe ɗan kwaɗo ba, yakan kashe ƙananan halittun da ke tace ruwa. Ruwan ya yi kore, hasken rana ya kasa kaiwa ƙasa, gansakukar da 'ya'yan kwaɗin ke ci ta ragu, girmansu ya yi jinkiri. Kududdufinmu kuwa ba ya jiran kowa. In ya ƙafe kafin ƙafafu su fito, zuriyar shekarar ta tafi, kuma babu wanda zai ce feshi ne. A jihar Minnesota, binciken Jason Rohr na 2008 ya nuna atirazin da takin zamani suna ƙara yawan dodon koɗi a ruwa, shi kuma yana ɗauke da tsutsar da ke shiga jikin kwaɗi. Dangin wannan tsutsa ne ke haddasa tsargiya, fitsarin jinin da ke kama yaranmu masu wanka a rafi, kuma wani gwaji da aka buga a 2018 ya nuna irin waɗannan sinadarai na iya yawaita dodon koɗin da ke yaɗa ta. A nan maganar ta bar kan kwaɗo ta dawo kan ɗan mutum.

Na san abin da manomi zai ce, kuma yana da gaskiya. Kuɗin 'yan ƙodago ya tashi, matasa ba sa son fartanya, kwalba ɗaya tana yin aikin da mutum goma za su wuni a kai. Wanda ya ga yadda tsutsar Sharon ta cinye tumatir a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, ko ya ga tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a shekarar, ba za a ce masa ya ajiye injin feshi saboda kwaɗo ba. Ni ma ba na faɗa. Sai dai a sa masa a lissafi cewa kwaɗo ma'aikacinsa ne da ba ya karɓar lada, yana kwana cin gara da fara da tsutsa da buzuzu. Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa waje a 1987, kuma cikin dalilan akwai yadda ƙwari suka yi yawa a gonakin shinkafa bayan an kwashe kwaɗin, manoma suka koma sayen ƙarin magani. A duniya baki ɗaya, ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa, kuma noma ne barazanar da ta fi shafar mafi yawansu. Ga Musulmi akwai ƙarin nauyi: ya zo a hadisi cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi.

To ina gyaran yake? Yana bakin rafi, inda ɗan feshi ke ɗiban ruwan haɗi, ya gama ya dawo nan ya wanke injinsa, ya ɗauraye kwalba ya jefar. Abin da ke shiga ruwa a wannan wanki ɗaya ya fi ƙarfin wanda iska ke kaiwa nesa ba kusa ba. A ɗebi ruwan a bokiti a haɗa can tudu, a zubar da ruwan wankin a cikin gonar da aka fesa. A bar 'yan taku na ciyawa tsakanin kunyar ƙarshe da bakin ruwa, ita ke tare abin da ke gangarowa. Kada a yi feshi hadari na haɗuwa, domin asara biyu ce, kuɗin magani ya bi ruwa, ruwan kuma ya lalace. Sannan a daina ƙara murfi ɗaya ko rabin gwangwanin madara a kan awo wai don ya fi ci. Tsohuwar ɗabi'ar zuba guba a kududdufi don kama kifi kuwa, ya kamata masu unguwanni da dagatai su ɗauke ta laifi kai tsaye, tunda daga ruwan ne dabbobi ke sha, daga nan kuma ake kama burduddugin da ake busarwa a kai kasuwannin kudu mutane su ci.

Hukumar NAFDAC ta sanar da janye magungunan ciyawar nan farakwat da atirazin daga kasuwa, kuma tun 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwannin yau da kullum. Doka a takarda daban, abin da ke kan teburin mai shago daban, sai an bi an duba. Yawancin kwalaben kuma da Turanci aka rubuta umarninsu, ga mutanen da Hausa ko ajami suke karantawa. Tilasta wa kamfanoni rubuta awo da gargaɗin nisantar ruwa da Hausa ba zai ci wa gwamnati komai ba.

Zariya ce ya fi dacewa ta ja gaba. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR, ga NAERLS mai alhakin kai ilmin noma ga manoma, ga sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, duk kusa da madatsar Kubanni da jami'ar ke shan ruwanta. Gwaje-gwajen da na ambata galibi a ƙasashen sanyi aka yi su, mu kuwa zafinmu da ruwan samanmu da kwaɗinmu daban ne. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai za su iya zaɓar kududdufai a Bomo da Shika da gefen Galma, su ƙirga ƙwai da 'ya'yan kwaɗi kafin feshi da bayansa, su auna ruwan, damina bayan damina. Sakamakon kuma kada ya tsaya a kundin digiri. A mayar da shi Hausa, a ba malaman gona da shirye-shiryen noma na rediyo da masu shagunan magani a Sabon Gari da Samaru, domin su ne manomi ke tambaya kafin ya saya.