Tawadar da ke fata ba ta ba da shaidar hali

Akwai mutanen da duk tsananin zafi ba sa rabuwa da riga mai dogon hannu. Ranar ganawar neman aiki ita ce a jikinsu, haka ma ranar da za su fara haɗuwa da dangin wanda suke so. Abin da suke ɓoyewa zane ne da aka yi musu da allura da tawada, wato tatu. Wani sunan mahaifiyarsa da ta rasu ya rubuta, wata kuma ranar da ta warke daga doguwar jinya. A wurinsu abin tunawa ne mai nauyi, amma sun san idon da zai gani zai karanta wani abu daban: ɗan daba, mashayi, marar tarbiyya.

Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya yi zanen nan ba. Amma ina ganin masu yanke wa mutum hukunci daga kallon fatarsa suna tafka kuskure, kuma kuskuren yana cutar da mutane.

A 2023 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi manya a Amurka, ta gano kashi 32 cikin 100 suna da zane a jiki. Da aka tambayi masu zanen dalili, kashi 69 cikin 100 sun ce sun yi ne don tunawa da wani ko girmama wani abu. Ke nan mafi yawansu ba tsoratar da kowa suka nufa ba, kewa ce ko ƙauna ta kai su. A binciken dai, kashi 24 cikin 100 sun ce suna nadamar aƙalla zane ɗaya da ke jikinsu. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi ɗaukar hankalina, domin yana nuna cewa a cikin masu zane huɗu da ka gani, kusan ɗaya ya riga ka ƙin abin da kake gani.

Me zai hana ya goge? Allurar tana kai tawada ne can ƙarƙashin fatar sama, inda wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye ta su riƙe. Idan sun mutu, sababbi su karɓa. Shi ya sa sabulu da shekaru ba sa tafiya da ita. Cirewa sai da na'urar lesa mai farfasa tawadar, a yi ta zuwa sau da yawa cikin watanni, ga zafi ga tsada, kuma wasu launukan ba sa fita duka. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Saurayin da ya yi zane yana ɗan shekara 19 zai iya zama dattijo mai natsuwa a shekara 50, tawadar tana nan inda take. Abin da ke hannunsa labarin wata rana ce da ta wuce, mai kallo kuwa yana ɗaukarsa labarin yau.

Ma'anar zanen ma tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Japan an taɓa yi wa masu laifi zane a matsayin horo, gwamnati ta haramta shi a 1872, ba a ɗage haramcin ba sai 1948, kuma har yanzu gidajen wanka da yawa ba sa barin mai zane ya shiga, saboda an danganta abin da 'yan ƙungiyar masu aikata laifuka da ake kira yakuza. A Niyu Zilan kuwa, zanen fuska na al'ummar Maori alamar asali ce da daraja. Nanaia Mahuta ta zama ministar harkokin wajen ƙasar a 2020 da zanen gargajiya a haɓarta. Kiristocin Kibɗawa a Masar suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu don nuna imaninsu. Fursunonin Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane a Yaƙin Duniya na Biyu, kuwa dole aka yi musu, aka buga musu lamba a hannu. Wane ido ne zai kalli waɗannan duka ya ba su fassara ɗaya?

Inda abin ya fi muni shi ne lokacin da zato ya samu bindiga. Bayan da El Salvador ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2022 don murƙushe gungun 'yan daba, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton cewa an kama mutane saboda zanen da ke jikinsu kawai. Gaskiya ne gungun suna da alamominsu, kuma jami'in tsaro yana da dalilin lura da su. Sai dai alama mafarin bincike ce, ba ta isa hujja ba.

Za a ce ai addini ya hana, kuma haka ne. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya la'anci mai yin zanen da mai neman a yi mata, kuma Littafin Firistoci 19:28 ya hana yin zane a jiki, ko da yake Kiristoci sun sha bamban wajen fassara shi. Mai riƙe da wannan yana da cikakken haƙƙin faɗa, ya kuma hana 'ya'yansa. Amma hukuncin aiki daban yake da hukuncin mutum. Malaman fiƙihu da dama sun ce wanda ya tuba, idan cirewa za ta jawo masa cuta, tubar ta wadatar. To wanda ya musulunta da zane a wuya, ko ya tuba alhali ba shi da kuɗin lesa, me za mu ce masa in ya zo sahu? Mu matsa gefe?

Masu zanen su ma akwai abin da ya kamata su yarda da shi. Wanda ya zaɓi ya rubuta abu a bayan hannu ko a wuya ya san a fili ya ajiye shi, ba zai iya hana mutane gani da tunani ba. Wasu ma'aikatu suna da ƙa'idar shiga, kuma wannan ba zalunci ba ne muddin an faɗa tun farko. Saboda haka fargabar da matashi ke ji kafin ya yi, cewa me iyaye za su ce, wa zai ɗauke ni aiki, fargaba ce mai amfani, gara ya saurare ta tun allura ba ta taɓa shi ba.

Wanda ya riga ya yi kuwa, ba dole ba ne ya riƙa yi wa kowane baƙo bayani. In ya rufe don ya samu sauƙi, ba munafunci ya yi ba. In ya bari a buɗe aka tambaye shi, yana iya ba da labarin, yana kuma iya cewa wannan tsakaninsa ne da wanda ya rasa. Mai ɗaukar aiki yana da takardun shaida da tsoffin wuraren aiki da zai tuntuɓa, uban yarinya yana da maƙwabta da abokan hulɗar yaron da zai tambaya, kuma waɗannan za su gaya musu abin da suke son sani game da amana da riƙon alkawari.