Ɗan ajinmu da maganin da ke yankewa

Labarin rasuwar wani ɗan ajinmu na kwaleji a Zariya ya iske ni a Leeds, inda nake aikin jinya. Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ne mai warware mana lissafi a allo idan malami ya fita, kafin ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi a shekararmu ta ƙarshe, ya fara jin muryoyin da ba mai jin su sai shi.

Danginsa ba su taɓa kai shi gidan mari ba, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019 suka tarar da mutane ɗaure da sarƙa. An yi masa ruƙiyya, an kuma kai shi asibiti, kuma magani ya karɓe shi. Mahaifiyarsa ce ke ajiye ƙwayoyin a gwangwanin madara tana ba shi bayan sallar isha'i, idan kuɗi ya ƙare ta raba ƙwaya biyu domin ta kai ƙarshen wata. Duk lokacin da ciwon ya tashi, har yara suka bi shi suna kiransa mahaukaci, in aka bincika sai a tarar maganin ne ya yanke.

A nan Ingila, mai irin ciwonsa yakan samu allurar da ke aiki tsawon makonni a ƙarƙashin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, kuma idan bai zo ranar allura ba ma'aikaciyar jinya za ta neme shi har gida. Amma na shiga ɗakunan marasa lafiya waɗanda sai a yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa sai mu, alhali abokinmu bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba.

A ganina abin da ya fi wuyar samu, wato dangin da ba sa gajiya, muna da shi a Najeriya, gwamnati ce ta bar su da nauyin. Tun 1954 Dakta Thomas Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar mutum a ƙauye tare da ɗan'uwansa, likita na duba shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, sai dai uwa irin tasa ba za ta ga amfaninta ba sai ranar da ake samun allurar nan a asibitin unguwa, a farashin da mai sayar da ƙosai za ta iya biya kowane wata.