Farar Jallabiyata da Kainuwar Kosti

Mu 'yan Mai Wurno ta ƙasar Sudan muna da wani ciwo: ba a zancen ruwa mu yi shiru, wai a bakin Shuɗin Nilu aka yanke mana cibiya. Da wannan taƙamar na sauka Kosti, wani gari a bakin Farin Nilu, yawon buɗe ido, tun kafin yaƙin 2023, cikin farar jallabiya da ta sha guga, ga rawani, ga baƙin tabarau.

Kawuna, wanda ya tsufa yana kamun kifi a Farin Nilu, ya sa ni a raksha, wato keke mai ƙafa uku, zuwa bakin ruwa. Ya nuna mini tashar da jirage suka saba lodin dawa da gishiri da sukari su nufi Malakal da Juba a Sudan ta Kudu, da tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta 1910, da garin Rabak can tsallake. Ni kuwa Jazira Aba, wani tsibiri a cikin kogin, nake son gani, inda Mahadi ya ɗaga kira a 1881. Aka yi ciniki da wani mai kwalekwale, Bahaushe ɗan'uwanmu.

"Ɗana, biyo ta kan katakon nan," in ji Kawu.

"Haba Kawu, ni za a koya wa shiga jirgi?"

Gefen katakon akwai wani fili kore shar, lumbu-lumbu, ya fi kusa da kwalekwalen. Na tattare jallabiya, na ɗaga waya don hoto, na taka. Ashe kainuwa ce ta yi dandazo a kan ruwa. Namu kogin mai gudu ne, ba ya barin ciyawa ta zauna ta yaudari baƙo. Wannan kuwa shiru-shiru ne, munafuki.

Na nutse har ƙirji. Rawani ya warware ya kama hanyar Khartoum, takalmi ɗaya ya zauna a laka. Mai kwalekwale ya miƙo sanda yana "sannu Alhaji, sannu," kafaɗunsa na rawa. Mai shayin da ke ƙarƙashin bishiya ko ɓoye tata dariyar ba ta yi ba, har da kiran maƙwabciyarta.

Aba dai ba mu je ba. Na ci soyayyar karfasa sanye da wandon Kawu da ya tsaya mini a ƙwauri. Mai kwalekwale ya ce a biya shi kuɗin jira. Kawu ya biya, har ya ƙara masa, wai ya daɗe bai ga kallo mai araha haka ba.